Kwandon Gida

Talata, 9 ga Yuli, 2019

Yau aka jera mu aka ɗauke mu hoto. Mu goma, duk matan Luggere, a ofishin ƙungiyar nan da ta ce za ta koya mana bulog. Nancy, yarinyar da ke koyar da mu, ta ba ni biro ta ce in ɗora a kan takarda in yi murmushi kamar ina rubutu. Na ce ai na iya rubutun, bari in rubuta da gaske. Ta ce a'a Mama, hoto ne kawai, ɗago kai. Na ɗago. Da aka nuna min hoton, kamar wadda aka kawo wa sadaka.

Shekara huɗu ke nan da na koyi karatu a ajin Zumuntar Mata, ina da arba'in da uku. Malama Liyatu ba ta taɓa cewa in yi murmushi ba, allo take nuna min. Wannan littafin da nake rubutu a ciki nawa ne, ba na ƙungiya ba.

Virtue ce ta sa na shiga. 'Yata, ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yana huɗu. Bara ta yi aure a Damare, cikinta wata biyar yanzu. Ta ce, Mama ki shiga in riƙa karanta ki a waya, tunda in na kira ki ba abin da kike cewa sai kin ci abinci, kin sha magani, ƙafarki ta kumbura. Gaskiyarta. To me zan tambaya?

Alhamis, 11 ga Yuli

Bulog ashe shafi ne a intanet. Ki rubuta abu ki ɗora, kowa ya gani. Na ce wa Nancy, har wanda ban taɓa gaisawa da shi ba? Ta yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Asabar, 13 ga Yuli

An ce kowacce ta rubuta a kan sana'arta. Shekara ashirin da biyu ina banda kifi, in sayo ɗanye wurin masuntan tafkin Njuwa, in banda a ganga bayan gida, in kai kasuwa. Na zauna da rana na cika shafi biyu a kan yadda ake gane banda mai kyau. Na fara da gaisuwa kamar yadda ake fara wasiƙa, na gai da masu karatu da iyalansu, na tambayi ruwan sama a wajensu. Hannuna ya yi ciwo amma na ji daɗinsa.

Na kira Virtue. Ta ci, ta sha. Ƙafar ta ɗan kumbura.

Talata, 16 ga Yuli

An ɗora. Ban gane shi ba.

Gaisuwar duka Nancy ta cire, wai mutanen intanet ba su da lokaci. Ta sa masa suna, Hanyoyi Biyar na Gane Ingantaccen Kifi. Ingantacce. Tun da aka haife ni kalmar nan ba ta taɓa fita daga bakina ba. Ni na rubuta cewa ki karya kan tarwaɗa ki shinshina, in kin ji warin tsumman da ya kwana a jiƙe ki ajiye wa mai shi. Ita ta mai da shi a tabbatar da cewa kifin yana da ƙamshi mai kyau. Wa zai koyi wani abu daga wannan? Kuma hanyoyina bakwai ne, ta yar da biyu don lambar ta yi kyau.

A ƙasa ta ƙara layi, wai Keturah Apollos ta fito daga duhun jahilci zuwa hasken ilimi. Duhu. Ni da na san sunan kowane kifin Binuwai da yare uku tun kafin a haife ta.

Baban Virtue ya karanta ya ce kin zama 'yar jarida ke nan, sai mu yi hankali da bakinmu a gidan nan. Ban yi dariya ba. Ji nake kamar an sa min zanen wata wanda ba a wanke ba.

Lahadi, 21 ga Yuli

Ruwa kwana uku. Komai ya yi danshi, itace ba ya kamawa, ƙudaje sun cika layin 'yan kifi. Banda in ya sha danshi kwana biyu sai tsutsa.

Layin namu ya fara warin damina. Fiya-fiya nake nufi, maganin ƙwarin nan na ƙananan kwalabe. A zuba a bokitin ruwa, a tsoma tsintsiya, a yayyafa wa kifi da sassafe kafin masu saye su zo. Zuwa hantsi warin ya kwanta, sai mai hanci irin namu. Kifin ya yi sati ko ƙuda bai sauka a kansa ba.

Iyakar abin da zan rubuta a kai ke nan.

Laraba, 24 ga Yuli

Sammy, mijin Virtue, ya kira ina tsakiyar juya kifi. Amai take tun safe, cikinta yana murɗawa, miyau yana zuba, sun kai ta asibiti. Na bar wuta a ganga na fita da takalmi ƙafa daban-daban. Mai keken ya tsaya shan mai kafin gada, kamar in shaƙe shi.

Na same ta da ƙarin ruwa a hannu, leɓenta ya bushe. Nas ta sa na'ura a cikin, shiru, shiru, sai can muka ji bugun. Na zauna a ƙasa.

Suka tambayi abin da ta ci. Tuwo da miyar yakuwa da busasshen kifi, ta ci da yawa don shi take marmari. Ba su ce kifin ne ba. Ni dai na wuce gidansu na shiga kicin na ce Maman Sammy ta nuna min ragowar. Ban ma kai shi hanci ba.

Na ce a ina kika saya? Ta ce a layinku mana, jiya. Na zo wurinki ba kya nan, an ce kin tafi makarantar waya, sai na saya wurin ƙawarki ta gefenki.

Sabuwa. Ita take nufi, teburinmu yana jingine da juna shekara goma sha biyar.

Ina can ana koya min yadda ake sa hoto a shafi.

Jumma'a, 26 ga Yuli

An sallami Virtue. Yaron yana motsi, na sa hannu na ji da kaina sau biyu. Na ce ta daina cin duk kifin da ba ni na kawo ba. Ta ce to Mama, to.

Daga can na wuce kasuwa. Na yi niyyar ihu, amma da na ga Sabuwa tana kore ƙuda da mafici sai na yi magana a hankali. Na ce matar da kika sayar wa tarwaɗa ranar Talata, mai jan mayafi, surukar Virtue ce. Yarinyar ta kwana biyu a asibiti.

Mafici ya faɗi. Ta kama hannuna. Ta ce, wallahi Adda ban san ta ba, ban taɓa ganinta ba sai ranar biki, kuma ranar mutane sun yi yawa. Da na san gidan Virtue za a kai, ai na ƙasa zan ba ta.

Na ƙasa.

Kowacce a layin nan tana da kwando a ƙarƙashin tebur, rufe da buhu. Kwandon gida muke ce masa. Na cikinsa ba a yayyafa masa komai, shi ake sake bandawa da itace, shi ake kai wa yara da miji da duk wanda aka sani. Na saman tebur na masu wucewa ne. Ba wadda ta taɓa zama ta tsara haka, kuma ba a maganarsa. Yau Sabuwa ta faɗe shi da baki, tana kuka, a matsayin ban haƙuri. Da zuciya ɗaya ta faɗa. Abin da ya fi ɓata min rai ke nan, har na je bayan rumfa na tofar da miyau.

Litinin, 29 ga Yuli

Na wanke hannu da toka da lemun tsami. Hancina ne ko hannun, ban sani ba.

Talata, 30 ga Yuli

A aji na kasa riƙe bakina, na ba Nancy labarin Virtue. Ina magana idonta yana ƙyalli kamar an kawo mata tsire. Ta ce Mama, wannan shi ne labari! Ta kunna waya ta ɗauki muryata, ta ce kada in wahalar da hannuna, ita za ta rubuta.

Can ta ce, ke dai ba kya sa wa naki, ko? Na ɗaga kai na kalli fanka. Ta ci gaba da wata tambayar.

Ban ambaci kwandon ba.

Alhamis, 1 ga Agusta

Ya fito. Uwa Ta Gari Ta Tona Asirin Masu Sa Guba a Kifi, da hotona mai biro. Ta ce wa matan layinmu marasa imani, ta ce masu kashe al'umma saboda abin duniya. Duk a bakina. A tsakiya akwai layin da na karanta sau biyar ina bin sa da yatsa: a shekaru ashirin da biyu da na yi ina wannan sana'a, hannuna bai taɓa taɓa wannan guba ba.

Ban faɗa ba. Amma fanka na kalla.

Virtue ta kira da yamma, muryarta ta dawo. Ta tura wa kowa, 'yan ajinsu na sakandare, matan cocinsu, dangin Sammy har na Numan. Ta ce, Mama na gaya wa surukata, uwata ko za ta yi asarar kifinta duka ba za ta taɓa yin wannan ƙazantar ba.

Na ce kin sha magani?

Lahadi, 4 ga Agusta

A coci mata suna ta riƙe min hannu. Matar fasto ta ce in zo in yi wa Zumunta magana ranar Alhamis a kan gaskiya a cikin sana'a. Na ce ina da mura. Lokacin waƙa baki kawai na riƙa motsawa.

Litinin, 5 ga Agusta

Basma, 'yar Sabuwa da ke kwaleji, ta karanta wa matan layi a wayarta kafin in iso. Da na sauke kwali ba wadda ta amsa gaisuwata. Kaltume ta ƙarshen layi ta ce ku matsa, ga uwa ta gari.

Sabuwa ba ta yi ihu ba. Ta gyara mayafi ta juyo, a gaban kowa ta ce, Adda, tambaya ɗaya. Shekarar ambaliya, wa ya nuna min murfi nawa ake zubawa a bokiti?

Na tsaya da igiyar kwali a hannu.

Ta ce ni na yi laifi, na sani, na kwana ina roƙon Allah a kan yarinyar nan. Amma ki ce min marar imani a wayar duniya, ke?

To bari in rubuta a nan tunda ba mai gani. Ni ce. A 2012, da ruwa ya ci gari, itace ya jiƙe wata guda, kwali uku suka zama tsutsa a ɗakina. Wani mai sayar da maganin gona ya ce min murfi ɗaya a bokiti ya isa. Na gwada, kifi ya tsaya. Sabuwa ta ga nawa ba ƙuda ta tambaya, na nuna mata, har na ce ta sayi sabuwar tsintsiya don tsabta. Tsabta! Daga ita sai layi duka. Kuma ban daina ba. Kowace damina ina yi, ina ce wa kaina nawa kaɗan ne. Na yi ranar goma sha tara ga watan jiya. Na yi ranar ashirin da biyu.

Da Maman Sammy ta same ni a tebur, da hannuna ya je ƙasa, da Virtue ta ci lafiya, da har yau ina yi.

In yarinyar nan ta ji, da wane ido za ta dube ni?

Alhamis, 8 ga Agusta

Na je wurin Nancy na ce ta sauke shi. Ta ce Mama mutum dubu huɗu sun karanta, manyanmu na Abuja ma sun yaba. Na ce akwai ƙarya a ciki. Na gaya mata wace ce. Ta ajiye biro, sannan ta ce, in kika faɗi haka kin ɓata labarin, ba wanda zai san wa zai tausaya wa. Haka aka koya mana, kowane labari sai da mutumin kirki a ciki.

Na ce to wannan ba shi da shi.

Ba muguwa ba ce, yarinya ce. Shekarunta ɗaya da Virtue. Amma yadda take sa wa magana hoda da jan baki yana sa ni jin amai. Na ce ta nuna min inda ake dannawa in ɗora da kaina. Ta ce shafinki ne ai. Ta nuna min sau uku, na zana a bayan littafin nan.

Asabar, 10 ga Agusta

Na gwada rubuta gaskiyar sau uku.

Na farko ya fito da muryar Nancy, har da al'umma da wajibi ne. Na yaga. Na biyu ya fito kamar shaida a coci, dā ni mai zunubi ce amma yanzu an buɗe min ido. Na karanta sai na ga a ƙarshensa ma tafi za a yi min, in sake zama uwa ta gari ta wata ƙofar. Na yaga. Na uku duk ruwan sama ne da jiƙaƙƙen itace da kuɗin makarantar yara, shafi guda kafin in kai ga tsintsiya. Wato ina neman a ce ba laifina ba ne.

Ashe ko gaskiya za ki faɗa sai ta nemi ta yi kwalliya kafin ta fito. Ƙazanta.

Baban Virtue ya ga takardu a ƙasa. Ya ce ki bar shi ya wuce, mutane mantuwa gare su. Yarinya tana da ciki, kada ki tayar mata da hankali. Na ce in ta ji a bakin Kaltume fa? Ya ce to, ke kika sani, ya ɗauki rediyonsa.

Shi ma shekara bakwai yana cin na ƙasa, bai taɓa tambayar me ya sa kwando biyu ne ba.

Litinin, 12 ga Agusta

Jiya Babbar Sallah. Kowace shekara Basma tana kawo mana cinyar rago daga gidansu a Yola. Na share tsakar gida, na wanke kwano. Ba wanda ya zo.

Laraba, 14 ga Agusta

Ban je kasuwa ba. Ina juya kifi a ganga sai na ji ina magana ni kaɗai, kamar Virtue tana tsaye a ɗaya gefen hayaƙin ina gaya mata. Ba al'umma, ba shaida. Na goge hannu na ɗauki waya na rubuta yadda na faɗa, da yatsa ɗaya, daga hantsi har la'asar. Kifi biyu sun ƙone.

Na kwafe shi a nan don kada wayar ta cinye.

"Sannunku, ina gai da ku da mutanen gidanku. Sunana Keturah, ina banda kifi. Abin da aka rubuta da sunana ranar ɗaya ga wata akwai ƙarya a ciki, kuma ina wurin na yi shiru. Ina sa fiya-fiya. Murfi ɗaya a bokiti, in yayyafa da tsintsiya kafin ku zo. Shekara bakwai.

A ƙarƙashin teburina akwai kwando rufe da buhu. Na cikinsa ban sa masa komai ba, shi yarana suke ci. In kin zo na san ki, hannuna ƙasa yake zuwa. In ban san ki ba, sama. Hannun yana zaɓa tun kafin in gama amsa gaisuwarki.

Watan jiya 'yata mai ciki ta ci na sama, domin wadda ta je saya mata baƙuwa ce a teburin wata. Ba ni da abin da zan ce wa mai teburin, ni na koya mata. Ba marar imani ba ce. Ta yi kuka fiye da ni.

In kin taɓa saye a wurina da damina ban san ki ba, 'ya'yanki sun ci. Ban san sunayensu ba. Ban tambaya ba.

Daga yau kwandona ɗaya ne. Ban ce ku yarda ba. Ku zo ku ɗaga buhun ku duba."

Na danna inda Nancy ta nuna. Ya tafi. Na zauna a kan turmi.

Alhamis, 15 ga Agusta

Virtue ba ta kira ba. Na kira sau biyu, tana shiga ba a ɗauka.

Asabar, 17 ga Agusta

Mutum ɗari uku da wani abu suka karanta. Ƙaryar ta samu dubu huɗu.

A ƙasa mutane suna rubuta abin da suka ga dama. Wani ya ce a kama ni. Wani ya ce tsohuwar banza, sai da ya taɓa naki. Wannan bai yi ƙarya ba. Wata daga cikin Yola ta rubuta cewa ta san teburina, mai shuɗin leda, shekara uku tana saye, yaranta biyu, Nu'uman da Bawa. Sunayen kawai ta sa, ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Nancy ta kira ta ce akwai wuraren da ba waƙafi, da kalmomin da na haɗe, ko ta gyara? Na ce kada ki taɓa ko ɗigo. Ta ce to. Sannan ta ce manyanta ba su ji daɗi ba, amma ta karanta wa mamarta, mamar ta ce masu wake ma haka suke yi. Ban san me take so in ce ba.

Sammy ya ce Virtue lafiya lau, tana cin abinci. Ba ta son magana ne kawai.

Talata, 20 ga Agusta

Ta kira. Ba gaisuwa.

Ta ce Mama, duk Asabar ɗin da nake zama miki a tebur ina sakandare, abin da nake miƙa wa mutane ke nan?

Na ce da damina, e.

Ta ce akwai wata tsohuwa mai zuwa da jikarta a goye, ni nake zaɓa mata manya-manya don ina son yarinyar.

Na ce na tuna ta.

Ta ce kin sa na tura wa kowa ƙarya. Surukata tana kallona a kicin ba ta cewa komai.

Na buɗe baki in ce ambaliya, in ce ku nake ciyarwa, na rufe. Na ce haka ne. Ina jin numfashinta. Ina so in tambayi ƙafar, ban tambaya ba. Ta kashe.

Asabar, 24 ga Agusta

Aikin ya ninka. Duk kwana biyu sai na mai da kifin duka kan wuta, in ƙara gishiri, in shanya in rana ta leƙo, in kwashe da gudu in hadari ya taso. Idona ya yi ja kamar na mashayi. Duk da haka rabin kwali ya yi tsutsa ranar Alhamis, na zuba wa agwagin maƙwabta. Tsutsar tana motsi a hannuna, kuma wallahi ba ta ba ni ƙyama kamar bokitin nan ba.

Masu saye sun ragu. Wasu suna zuwa su kalle ni kawai su wuce. Mata biyu sun ɗaga buhun da gaske, ɗaya ta saya.

Layi har yanzu ba sa gaishe ni. Kaltume ta ce na kashe musu kasuwa, kuma da gaskiyarta. Sabuwa ba ta ce komai ba, amma jiya da ruwa ya sauko ina bayi, na dawo na tarar an ja leda an rufe min tebur. Ban tambayi wa ya yi ba. Ko ta daina yayyafawa ban sani ba, mura ta toshe min hanci da gaske wannan karon.

Talata, 27 ga Agusta

Ban je aji ba. Wai yau za a koya mana yadda ake sa wa labari suna mai jan hankali.

Asabar, 31 ga Agusta

Wajen sha ɗaya na ɗaga kai na ga Virtue a bakin layi. Ba ta gaya min za ta zo ba. Cikin ya fito sosai, tana tafiya tana dafa ƙugu, cikin wannan taɓon, a kan wannan takalmin marar igiya. Na miƙe.

Ba wurina ta fara zuwa ba. Ta tsaya gaban Sabuwa ta ɗan rusuna ta ce Goggo ina kwana, ya Basma. Sabuwa ta ja bakin mayafi ta rufe fuska.

Sannan ta zo gaban teburina, ta gefen masu saye. Ta ce ina kwana Mama. Na ce lafiya, zo ki zauna. Ta ce a'a, kifi na zo saye. Ta fara juya tarwaɗa tana dubawa.

Ban san lokacin da na sunkuya ba. Hannuna ya shiga ƙarƙashin tebur da kansa, ya taɓa buhu da takalmina na roba, ba komai kuma. Na ɗago. Tana kallona.

Ta ce na sama nake so.

Ta zaɓi uku, na sa mata a leda. Na ce ki wanke da ruwan zafi. Ta ce akwai abin da zan wanke ne? Na ce toka kawai. Ta ce to.

Ba ta yi murmushi ba, ba ta ce ya wuce ba, ni ma ban nema ba. Ƙafar ta kumbura, na gani, na riƙe bakina. Har ta juya sai ta ce, surukata tana tambaya yadda ake sake bandar a gida don kada ya yi tsutsa. Na ce zan gaya mata in mun haɗu. Ta ce a'a, ki rubuta. Ke da kanki, ba waccan malamar taku ba.

Na ce ni na gama da wannan shirmen na waya.

Na bi ta da ido har ta shiga keke, na tabbatar mai keken ya bi gefen da ba rami.

Ban ce zan yi ba. Layi shida ne kawai na rubuta, kuma na huɗun bai zauna ba tukuna.